Koriyar Tutar Baba a Abuja

Shekarun baya, tun kaina bai san furfura ba, ina kuma ganin babu ƙullin da wayona ba zai kwance ba, na yi wata doguwar rigima da mahaifina a kan abu guda: ina so ya bar Gagarawa Tasha ya dawo wurina a Gumel, shi kuma ya ce ba inda za shi. Na ce rigima, amma kada ku zaci ɗaga murya. Ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba saboda alkunya, sai dai "kai wannan", kuma wanda ba ya kiran sunanka ba zai zauna yana ja-in-ja da kai ba. Yakan saurare ni har in gaji, ya ce, "To, na ji," ya ci gaba da jan carbinsa.

Ba son iyawa ne ya sa nake matsa masa ba. Mahaifiyata ta rasu, hawan jini ya kama shi, ƙafarsa ta hagu tana kumbura tana sacewa yadda ta ga dama. Daga shi sai Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ta dawo daga Sule Tankarkar bayan rasuwar mijinta, ita ma tsufa ya fara taɓa ta. A Gumel kuwa asibiti na kusa, adaidaita kawai za ka tsayar. Na gina masa ɗaki a gidana, na fitar masa da taga mai kallon gabas, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ɗakin nan ya yi shekaru ba wanda ya kwana a cikinsa sai buhunan gero. Kullum tsorona a bugo mini waya a ce Baba ya faɗi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Baba ma'aikacin reluwe ne, mai tuta. Tutoci biyu ne kayan aikinsa, ja da koriya. In ya ɗaga ja, jirgi ya tsaya ko wa ke ciki. In ya kaɗa koriya, ya wuce. A ƙa'idar aikin, kamar yadda ya sha gaya mana, mai tuta ba ya barin tasha sai wanda zai canje shi ya iso. Sai ya naɗe tutocin biyu tare, ya kira sunan mutumin, ya ce ya miƙa aiki, shi kuma ya ce ya karɓa. Kafin nan, ko gobara ce ta tashi a gidanka, kana nan tsaye.

To sai jirgi ya fara ja da baya. Daga kullum ya koma mako-mako, daga nan ya zama sai an gan shi. Aka ce shugaban tasha ya koma Kano, sauran ma'aikata suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Takardar ritaya ta zo ta sami Baba, amma mutumin da zai canje shi bai zo ba. Mu a wurinmu magana ta ƙare. Shi a wurinsa ba ta ƙare ba, don takarda ba ta da hannun karɓar tuta. "Ba a zo an karɓe ni ba," haka yake faɗa duk wanda ya tambaye shi abin da yake jira. Kowace safiya yakan ɗauki tsintsiya da shebur ya share rairayin da ya hau kan layin dogo a gaban tasha, da la'asar kuma ya zauna a dakalin tsohon ofis, tutocin a gefensa.

Ran Asabar nakan shiga motar haya daga Gumel in je in zauna da shi a dakalin nan. Ina zuwa da shirin yi masa lacca, amma da wuya in kai ƙarshenta. Rana na yin sanyi, ƙarfen dogo ya riƙa sheƙi tsakanin gonakin riɗi da gero, ya miƙe har inda ido ya gaji. Sai Baba ya fara nuni da sandarsa. Nan taragon gyaɗa yake tsayawa. Nan mata suke jeruwa da dafaffen ƙwai da fura, suna miƙawa ta taga, jirgi na tafiya suna bin sa da gudu don karɓar kwanukansu. Nan mahaifiyata ta sauka ran da aka kawo ta, da lefenta a ka. Yakan sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen, ya ce da can tun jirgi na Ringim yake jin tafiyarsa a hannu. Wallahi akwai ranakun da nakan waiwaya yamma, don na rantse na ji usur, alhali akuya ce take kuka a bayan tasha.

Ana nan sai lokacin zaɓe ya zo. Wani ɗan siyasa na yankinmu, wanda a lokacin yake majalisar dokokin jiha a Dutse yana neman a tura shi Abuja, ya zo Tasha neman ƙuri'a. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan ba ku hanyar ganewa ba. Wakilinmu zan riƙa ce masa. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, ya tsaya bayansa na kallon layin dogo.

"Jama'a," in ji shi, "dogon nan a ƙasarku yake kwance, amma linzaminsa na Abuja. Mu a majalisar Dutse ba mu da ikon taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsa, tsarin mulki ya hana mu. Ku aike ni can in kaɗa ƙuri'a a sakar wa majalisun jihohi wannan iko. Ran da aka yi haka, mu da muka san Gagarawa da idonmu za mu yi wa jirgi doka. Ya ɗauki riɗinku ya kai Kano, a ja reshe har kasuwar Maigatari."

Ni ina can baya ina ɓare gyaɗa, don irin wannan waƙar na ji ta har na haddace. Kawai sai na ga Baba ya miƙe yana ɗingisawa. Ya warware tutocinsa, ya zare koriyar, ya miƙa wa mutumin da hannu biyu.

"Ɗana, ga wannan. Amana ce. Ja na wurina, koriya na wurinka, tasha kuma a tsaye take sai ta dawo. Ran da ka kaɗa ƙuri'ar nan da ka faɗa, ka dawo mini da ita da hannunka."

Wuri ya kaure da tafi da sowa. Wakilinmu ya durƙusa ya karɓa, ya linke ta ya sa a aljihun babbar rigarsa, masu waya suna ta ɗaukar hoto. Kowa na ganin an yi abin birgewa. Ni kaɗai na dafe kai, don na san abin da aka yi mini. Da ina jiran mutum ɗaya ne, wanda zai canji Baba; yanzu kuma an ƙara mini da ƙyalle da ya tafi Abuja. Mai tuta ba ya miƙa aiki da tuta ɗaya.

Ya ci zaɓe ya tafi. Ni kuma, da ban san bambancin ƙudiri da doka ba, na zama ɗan kallon zaman majalisa. Abokina yana da shagon cajin waya a bakin kasuwar Gumel, da ƙaramar talabijin a rataye. Matasa na son ƙwallo, ni ina roƙon a juya tasha in ga masu manyan riguna suna gyangyaɗi. Na koyi karatun ƙudiri na ɗaya da na biyu, na koyi kwamiti, na san cewa gyaran tsarin mulki ba a yin sa da ihun "eh" da "a'a", sai kowa ya danna nasa a na'ura. A sakatariyar da nake aiki har aka laƙaba mini Kakakin Majalisa. Kuma bari in gaya muku gaskiya, ba ƙaunar jirgi ce ta kai ni ba. So nake mutumin ya karya alkawari da wuri, Baba ya fid da rai, ya tattara ya biyo ni.

Allah kuwa ya karɓi wannan addu'ar tawa ta son kai. Maganar sakar wa jihohi iko ta zo gaban majalisa, aka kaɗa ƙuri'a, ta faɗi. Talabijin ba ta nuna wa ya danna me ba, amma bayan kwanaki aka gayyaci wakilinmu wani shirin siyasa a rediyo, mai gabatarwa ya tambaye shi kai tsaye. Bai yi kwana-kwana ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce a'a ya danna. Ya ce da ya je Abuja ya ga abin da bai gani ba daga Dutse: jihohin da ke fama da albashi ba za su iya riƙe jirgi ba, kuma in ka ce ka ba majalisar jiha, to gwamna ka ba. "Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago," in ji shi.

Na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Asabar na zagayowa na ɗauki shatar mota sukutum na nufi Tasha. Gwaggo, wadda tun farko tana bayana, har ta ɗaure tukwanenta a zani. Na tarar da Baba a dakali da rediyo a cinya.

"Baba, ka ji abin da mutumin naka ya faɗa?"

"Na ji."

"To ai shi ke nan. Ga mota can."

Ya dube ni kamar na yi magana da wani yare. "Kai wannan, ya tsaya a ja ne. Jirgi yakan tsaya a ja, ba shi ne ya mutu ba. Tutata ta dawo?"

Motar nan da kabewa biyu da daurin itace ta koma Gumel. Direban bai ce mini komai ba a hanya, amma na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Da na ga haka sai na ce bari in bi ta kan tutar. Lokacin Sallah wakilinmu ya zo gida, na je na shiga layin masu gaisuwa da masu buƙata, na yi ta zama har ƙafata ta yi tsami. Da na shiga na ce ni ɗan tsohon nan ne na Tasha, sai murmushin da yake raba wa kowa ya ɗauke.

"Mai tuta? Yana nan lafiya?"

"Yana nan, ranka ya daɗe, amma lafiyar sai a hankali. Ya ce ba zai tashi ba sai tutarsa ta dawo."

Ya murza zobensa. Ya ce tana cikin durowar teburinsa a ofis, duk ran da ya buɗe zai ɗauki biro sai sun haɗa ido. Ya ce in bar masa, zai san abin yi. Abin da ya san yi kuwa shi ne, bayan 'yan makonni direbansa ya iso Tasha da tutar a cikin ambulan, da buhun shinkafa a bayan mota. Gwaggo ce ta ba ni labarin. Ta ce Baba ya sa an kawo wa direban ruwa, ya tambaye shi hanya, amma ko taɓa ambulan ɗin bai yi ba.

"Ba kai na ba ba, ɗana. Ka ce masa zuwa da kai ya fi aike."

Direba ya mayar da ambulan aljihu, ya juya zai tafi da shinkafar. Gwaggo ta ce nan ta tare ƙofar mota. "Yaya, tuta ce amana. Shinkafa kuwa ban ji an ce amana ce ba." Aka sauke buhu.

Shekaru suka ja. Wakilinmu ya sake cin zaɓe, maganar ta sake tasowa, don a ƙasar nan gyaran tsarin mulki kamar gyaran katangar ƙasa ne, kowace damina sai an koma. Ran ƙuri'a na zauna a shagon abokina ina bin kujeru da ido duk sanda kyamara ta zaga. Kujerarsa ba kowa. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, bai zo ba ma. Mutanen Gagarawa kuma suka lura da wani abu: jerin motocinsa kan shigo gari, a yi ta'aziyya, a buɗe famfo, amma ba su taɓa karya kwana zuwa Tasha ba. Mutumin da ke tsayawa gaban dubbai ya yi magana, ƙyalle ɗaya ya hana shi bin hanya.

A daminar wannan shekara abin da nake gudu ya faru. An yi ruwa da asuba, Baba ya fita da sheburinsa, santsi ya kwashe shi a kan ƙarfen dogo. Wasu masu zuwa gona ne suka tsince shi. Kafin a sami mota rana ta take, ni kuma ina Gumel ina kaiwa da komowa a ƙofar asibiti kamar mahaukaci. Allah ya taƙaita, ya yi kwanaki aka sallame shi. Na ce yau kam ba sai na roƙa ba. Na kai shi gidana, na buɗe ɗakin da na kwashe buhunan geron na share. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tabarmar, ya dubi tagar.

"Ta yi kyau," in ji shi. "A mayar da ni kafin magariba."

A cikin motar nan haƙurina ya ƙare. Ban taɓa yi wa Baba magana irin ta ranar ba. Na ce, "Baba, jirgin nan ba zai zo ba. Mutumin nan ma ba zai zo ba. Za ka mutu a kan ƙarfen da ya yi tsatsa saboda ƙyalle, ka bar ni da baƙin cikin ɗakin da ba ka kwana a ciki ba." Tsoro ne ke magana ba fushi ba.

Muka wuce gonaki da yawa. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kai wannan, ni ban ce jirgi zai zo ba. Cewa na yi ba a karɓe ni ba."

Maganar nan ta zauna mini. Duk shekarun nan ina ganin tsoho ne da ya ruɗe yana jiran abin da ya wuce. Ashe ya san komai. Mutum ne da aka ba aiki, kuma ba ya son ya juya baya ya tafi kamar yadda kowa ya yi wa tashar.

Daga ranar addu'ata ta juya. Ni da nake fatan wakilinmu ya karya alkawari, na koma roƙon Allah ya ba shi ikon cikawa. Abin dariya kuma, cutar Baba ta kama ni. In ina cikin motar haya a hanyar Gagarawa, kaina a jikin gilashi, sai in riƙa ganin jirgi yana ratsa gonaki, taragu cike da buhunan riɗi da zoɓo, na baya kuma da shanun Maigatari suna leƙe. In ga 'yan majalisar Dutse suna gardama da Hausa a kan ƙarfe nawa ya kamata ya iso Tasha, wani yana cewa a bari sai an idar da azahar. In ga Gwaggo a bakin taga tana ciniki da fasinja. Sai kwandasta ya taɓa ni ya ce, "Malam, mun iso," in sauka ina jin kunya kamar an ga abin da ke kaina.

Karo na gaba da maganar ta zo, shagon abokina ya cika, don yanzu har masu ƙwallo sun san labarin tutar. Aka karanta batun layin dogo, aka ce a danna. Na hango wakilinmu a kujerarsa, ya sunkuya. Da aka faɗi sakamako ƙudiri ya wuce, na tashi na rungume wani mutum da ban sani ba, wanda cajin waya kawai ya kawo shi. Da yamma wakilinmu ya faɗa a rediyo da bakinsa cewa eh ya danna. Abokina, wanda ba ya yarda da ɗan siyasa ko da ya gan shi a sahun gaba, ya taɓe baki. A lokacin kowa ya san iskar jam'iyya ta juya wa mutumin baya, ba zai koma Abuja ba. "Wanda zai bar kujera ai ba ya rowar abin da ke kanta," in ji shi. Wataƙila gaskiyarsa ce. Ni dai ban damu da dalili ba a ranar.

Majalisun jihohi suka amince, aka sa hannu, abu ya zama doka. Tuta shiru. Sai da kaka, ana yankan riɗi, wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Shi ne. Ya riga ya sauka, yana gida.

"Don Allah ka raka ni Tasha," in ji shi. "Kunyar tsohon nan nake ji."

Ya zo da mota ɗaya, shi ke tuƙi, ba jiniya ba maroƙa. Mun isa bayan la'asar. Baba na dakali kamar kullum, ya rame, sandarsa a jingine, jar tuta a gefensa. Wakilinmu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna a kan rairayi da farar shaddarsa. Bayan gaisuwa ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. Ta koɗe a wajen linki, saura kuwa tana nan yadda take.

"Baba, ga amanarka. Amma kafin ka karɓa bari in faɗa maka da bakina. Na farko a'a na ce. Na biyu na gudu. Sai na ƙarshe na ce eh."

"Duk na ji. Me ya tsayar da kai?"

"Ina Dutse ina ganin Abuja ta riƙe mana abinmu. Da na je Abuja sai na ga hannuna ne a kai, kuma sakin abu da wuya, Baba. Tsoron gwamnoni da na faɗa a rediyo gaskiya ne, har yanzu ina jin sa. Amma ba shi kaɗai ba ne."

Baba ya gyaɗa kai. Ya dubi dogon har can inda yake haɗuwa da sama, sannan ya tambaya a hankali, "To, jirgi zai zo?"

Ɗan siyasa ne, amsa mai daɗi ba ta yi masa wuya.

"Ban sani ba, Baba. Doka ta ba Dutse dama. Ko za su yi, ko ba za su yi ba, wannan yanzu nasu ne. Abin da kawai zan iya ce maka, in ba su yi ba, kun san ƙofar gidajensu."

"Wannan ma wani abu ne," in ji Baba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa. "Ka yi latti, ɗana, amma ka iso. Mu a aikinmu jirgin da ya yi latti ba ma hana shi shiga tasha."

Ya shimfiɗa koriyar a kan jar, ya naɗe su tare a jikin sandunansu, a hankali. Ya dafa kafaɗata ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa. Wakilinmu, da ya san labarin miƙa aiki daga bakina a hanya, ya tashi ya buɗe hannuwa, yana zaton shi za a ba. Baba ya girgiza kai.

"A'a, kai ka yi naka. Na kusa ake miƙa wa. Ba abin da ka je Abuja ka faɗa musu ke nan ba?"

Sai ya juyo gare ni. Ya kira sunana. Cikakke, da nawa da nasa, da murya mai ƙarfi irin wadda ake yi wa jirgi magana. Na kusa shekara arba'in a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, har na ɗan waiwaya in ga ko da wani yake.

"Na miƙa aiki."

Gwaggo na tsaye a ƙofar gida, ta rufe baki da mayafi. Na so in ce Baba ni ma'aikacin sakatariya ne, ban san komai a kan jirgi ba, kuma ni ne na ce ƙyalle ne. Ban iya ba. Hawaye ya riga ya kai mini gemu.

"Na karɓa," na ce.

Washegari da hantsi, ba tare da na ɗauko shatar mota ba, Baba ya fito da jakarsa da butarsa ya ce a tafi. Bai waiwayi tashar ba ko sau ɗaya. Ya kwana a ɗakin nan mai taga, ya yi damina biyu a cikinsa, yana shan maganinsa a kan lokaci, jikokinsa na hawa kansa. Ya koma ce mini "kai wannan" kamar ba a yi komai ba. A ɗakin Allah ya karɓi abinsa, muna kewaye da shi, ba a kan ƙarfe shi kaɗai ba. Abin da na yi ta roƙo ke nan, kuma na samu.

Mutane sukan tambaye ni, da yake har yau ana ce mini Kakakin Majalisa, ko wakilin nan namu mutumin kirki ne. Nakan ce ga ƙuri'unsa nan kowa ya sani, ɗaya a'a, ɗaya babu, ɗaya eh, kowa ya auna da mudunsa. Ni abin da na koya a wurinsa shi ne, neman a sakar maka iko ba shi da wuya. Wuyar tana ran da abin ya zo hannunka aka ce kai ma ka saki. Ni kaina da nake ta faɗa da Baba ya saki tasha, ban san nauyin abin da nake cewa ba.

Jirgin da majalisar Dutse za ta yi wa doka bai zo ba tukuna. Wata rana nakan ce zai zo, wata rana in yi wa kaina dariya. Amma duk Asabar, in ka bi ta Gagarawa Tasha da safe, za ka ga wani mutum mai furfura da tsintsiya da shebur yana share rairayi a kan dogo, tutoci biyu a naɗe a kan dakali. Matata ta ce tsufa ne ya zo mini da wuri. 'Ya'yana sun fara cewa hanyar ta yi mini nisa, in haƙura haka nan. Nakan saurare su har su gaji, in ce, "To, na ji."

Ba a zo an karɓe ni ba.